Kakanninmu a Yaƙin Burma: jarumai ne, ko amfani aka yi da su?

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so masana a cikinmu su sa baki.

Wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet a Kawo, ya san Kalapanzin. Mu nan Zariya muna da Chindit. A Legas akwai Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna kafin a koma Abuja, ga Arakan, ga Myohaung, ga Tamandu. A Ibadan kuma akwai Letmauk. In ka cire Chindit, wanda sunan wata runduna ce ta musamman, sauran duk wurare ne da koguna a ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar. A can kakanninmu suka gwabza da Japanawa daga ƙarshen 1943 zuwa 1945.

Ingila ta kafa manyan runduna biyu daga Afirka ta Yamma a 1943, ta 81 da ta 82. Mutum kimanin 90,000 aka kwasa daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, fiye da rabinsu 'yan Najeriya ne, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya. Runduna ta 81 aka jefa kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota ko ɗaya. Da adda da diga suka fasa daji suka yi hanyar jif ta wajen mil 75, abinci da harsashi kuwa daga jirgin sama ake sako musu da laima. Birged ta 3, wadda bataliyoyin Najeriya ne zalla, ita aka haɗa da Chindit, mutanen Janar Wingate, a 1944 aka sauke su a bayan layin Japanawa. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung.

Ina koyar da tarihi a sakandare. Ɗalibaina sun ji Normandy, sun ji Stalingrad, sun ji Hiroshima, amma Kaladan ko a mafarki. Tambayata ita ce: in za mu koya musu, me za mu ce da waɗannan mutane? Ni dai a wurina jarumai ne, kuma an zalunce su, duka biyun.

Sadik Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni ban ga abin alfahari a nan ba. Wannan rundunar ai asalinta ita ce wadda Lugga ya haɗa a ƙarshen ƙarni na 19. Ita ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta shiga Sakkwato a Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi a Yuli. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne irinmu. Shekara 40 kacal bayan haka sai aka ɗauki jikokin waɗanda aka ci da yaƙi, aka kai su su ƙwato wa Ingila wata ƙasar da ita ma fashinta ta yi.

Me Japan ta yi mana? Ta taɓa karɓar haraji ko jangali a hannun kakana? Burma ta koma hannun Ingila, Sarkin Ingila ya yi murna, namu suka dawo da ciwo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Sajan:
Sadik ɗana, ka faɗi gaskiya a wani ɓangare, amma ka tausasa harshe, don akwai 'ya'yan mutanen nan a zauren nan. Ni ɗaya ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, runduna ta 82 ya yi, ni ma daga baya na sa kaki har na yi ritaya.

Ba shi ya kai kansa ba. Umarni ke fitowa daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a ce ƙasarka za ta kawo samari kaza. Dagaci kuwa ba zai ba da ɗansa ba, gidan da ba shi da mai tsaya masa zai nufa. Akwai waɗanda suka shiga da son ransu saboda albashi da kaki da abinci, wannan ba a musu. Amma a ƙauyenmu in aka ji ana ɗibar soja, samari daji suke kwana.

Kuma ba duka aka ba bindiga ba. Mahaifina ɗan dako ne. Dajin Arakan mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari ba ya hawa, sai Turawa suka ce ai mutanen nan sun saba ɗaukar kaya a ka. Harsashi, sassan igwa, na'urar oba-oba, buhun shinkafa, har wanda aka harba, duk a kansu. Ku duba tambarin runduna ta 82 ku gani, gammo ne da masu biyu a gicciye. Ta 81 kuma gizo-gizo ne.

Abin da ya fi ba mu labari ba harbi ba ne. Ruwan sama ne da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga har cikin takalmi, da zazzaɓi da atini. Ya ce Bajapane ba ya ɗaga hannu, sai dai ya mutu a raminsa, kuma da dare suke zuwa. Mutumin da ya ɗauki ɗan'uwansa a ka ya haye kogi ana ruwan wuta, Sadik, ba don Sarki Joji ya yi ba. Ko hotonsa wataƙila bai taɓa gani ba. Don ɗan garinsu da ke kan gadon ɗaukar majinyata ya yi. Wannan ni ba wanda zai hana ni kiransa jarumta.

Sadik Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ba su nake zargi ba. Wanda ya aike su nake zargi, da kuma sarakunan da suka miƙa su. Labarinku ma ai hujjata ce: an kama mutum ba da sonsa ba, an ɗora masa kaya, ko bindigar kare kansa ba a ba shi ba.

Baba Sajan:
To ƙara da wannan. Ana yi wa sojan baƙi bulala a matsayin hukunci a lokacin da tuni aka daina yi wa sojan Ingila, ba a soke ba sai 1946. Hafsoshi kuwa duk Turawa ne, sai wani mutumin Gana, Seth Anthony, da aka ba hafsa a 1942, ya yi yaƙin Burma har ya kai manjo. Ɗan Najeriya bai samu hafsa ba sai 1948. Duk na san wannan. Amma zaluncin da aka yi wa mutum ba ya goge abin da ya yi.

Hajiya Larai Bukuru:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa, kuma na ga duk maganar ta tsaya a kan masu kaki. Ku yi mini haƙuri in karkatar da ita kaɗan, domin mu a Filato yaƙin nan har gida ya same mu.

Da Japan ta cinye Malaya, Singafo ta faɗi a Fabrairun 1942, Ingila ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta. Sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa, Zazzau da Bauchi da Binuwai da sauransu, ana kawo su haƙar kuza na 'yan watanni, a mayar da su a ɗebo wasu. Daga 1942 zuwa 1944 mutum kimanin 100,000 aka yi wa haka. Kamfanonin kuza na Turawa ne, ribar tasu ce, amma dagaci da ɗan doka ke kawo musu lebura.

Ku yi tunanin mutumin da ya taso a ƙasa mai zafi, aka kawo shi saman Filato da ɗan bante da riga ɗaya, ya wuni a cikin ruwa da laka yana ɗaukar kwanon ƙasa, ya kwana a bukkar da iska ke ratsawa, abinci bai isa ba. Sanyin Filato a watan Disamba ko mu da aka haifa a nan muna jin sa. Ciwon haƙarƙari ya kashe mutane da yawa, musamman a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti. Wasu suka gudu, suka mutu a hanya. Sai da maganar ta kai majalisar dokokin Ingila ana ta suka, sannan aka dakatar a 1944.

Yayan kakata yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Zazzau. Bai koma ba, kuma ba wanda ya zo ya ce wa uwarsa ga inda aka binne shi. Neman labarinsa ne ma ya kawo danginmu Bukuru har muka zauna.

Soja ko ba komai yana da lamba, yana da takardar sallama, an sa wa bariki sunan inda ya yi yaƙi. Wannan bawan Allah me yake da shi? Ni in za a koya wa yara Yaƙin Duniya na Biyu, daga ramin kuza nake so a fara.

Malam Habu Zariya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin buɗe babbar ƙofa. Ba kuza kaɗai ba. An matsa wa manoma su ƙara gyaɗa a farashin da gwamnati ta yanka, an tara hatsi don ciyar da bariki da ma'aikatan kuza, ga damina ta yi gardama, ga samarin da za su yi noma an kwashe. Yunwar 1942 da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau a cikin wannan hali ta zo. Baitulmalin En'e-En'e kuma ya yi ta ba da gudummawar kuɗin yaƙi, kuɗin nan kuwa harajin talaka ne.

Sannan ga filin jirgin saman Kano. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gana, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), Janaina, Fashir, Khartum, har Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya suka je yaƙin hamadar Masar da Libiya. Wanda ya san hanyar alhazan ƙafa ta dā zai ga kusan ita ce aka bi ta sama.

Kafin Burma ma sojojinmu sun yi Gabashin Afirka. Birged ɗin Najeriya ce ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta wuce har Harar, aka kori Italiyawa daga Habasha, Haile Selassie ya koma gadonsa. Sadik, wannan fa ƙasar baƙar fata ce aka ƙwato daga hannun Musolini.

Sadik Fagge:
Na Habasha na yarda, Malam. Amma Ingila ba don son Habashawa ta yi ba, don hanyar Bahar Maliya da Suwez ta yi. Ai a 1935 da Musolini ya afka musu har da iskar guba, tana kallo.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga Zinder. Ku naku Ingilishi ne, mu namu Faransawa, kuma ina ganin in aka jera su biyu hoton zai fi fita.

Faransa ta faɗi hannun Jamus a Yunin 1940. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne daga Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle a Agustan shekarar. Amma Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suna ƙarƙashin babban gwamna Boisson a Dakar, shi kuma ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, har zuwa Nuwamban 1942. Ma'ana, fiye da shekara biyu Bahaushen Maraɗi da Bahaushen Katsina suna ɓangarori biyu na yaƙin da ba su san mafarinsa ba. An tsaurara iyaka, fatauci ya tsaya, aikin dole ya ƙaru, mutane da yawa suka tsallaka kudu don gudun kumandan.

Daga Fort Lamy ne Leclerc, hafsan de Gaulle, ya ratsa hamada ya ci Kufra a Maris 1941, kuma yawancin sojojinsa baƙaƙe ne daga Cadi da maƙwabtanta. A Agustan 1944 da aka sauka a kudancin Faransa, 'yan Afirka sun cika rundunar. Amma da kaka ta yi, nasara ta matso, sai aka janye baƙaƙe daga fagen daga, aka karɓe kakinsu da makamansu aka ba samarin Faransa, aka ce wai sanyi ne ba za su jure ba.

Sai kuma Thiaroye, kusa da Dakar. Sojojin Afirka ta Yamma ne da suka yi shekara huɗu a tsare a hannun Jamus. Aka dawo da su, suka ce ba za su tafi gida ba sai an biya su bashin albashinsu. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Rahoton soja ya ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda a cikin wata wasiƙa cewa kisan kiyashi ne. A 1959 kuma aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, ta yadda shekara da shekaru tsoho a Zinder ya riƙa karɓar ɗan abin da bai kai ya kawo ba, abokin raminsa a Marseille yana karɓar ninkin-ba-ninki.

Sadik Fagge:
To kun ji. Shi ya sa nake cewa da Jamus da Japan sun ci yaƙin, da mun huta da su tun 1945.

Ɗan Damagaram:
A'a ɗan'uwa, nan kam ban bi ka ba ko taki ɗaya. A Yunin 1940 sojojin Jamus sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbewa. A Chasselay kusa da Lyon an jera su a fili an buɗe musu wuta da tankoki, maƙabartarsu na nan har yau. Tun kafin Hitila ma, Jamus ta yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi a Namibiya daga 1904 zuwa 1908. Mutumin da ya kashe Yahudawa miliyan 6 saboda jininsu, kuma ya ɗauki baƙar fata ƙasa da mutum, me kake zaton zai yi da Kano in ta faɗo hannunsa?

Japan kuma ka tambayi mutanen Nanjing abin da ya same su a 1937, ka tambayi Koriyawa, ka tambayi dubban leburorin Asiya da suka mutu a ginin layin dogo tsakanin Tailan da Burma. Aung San, jagoran 'yancin Burma, da Japanawa ya shigo ƙasarsa a farkon yaƙin. Da ya ga irin mulkinsu, a Maris 1945 ya juya musu bindiga. In shi da ya zauna da su ya yanke wannan hukunci, mu daga nesa ba mu da hujjar yi musu kyakkyawan zato.

Baba Sajan:
Allah ya yi maka albarka, mutumin Damagaram. Tsofaffinmu yaƙin Hitila suke ce masa, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi masa fatan nasara ba.

Abdul Nima:
Salam daga Accra. Mu nan zango muna da tsofaffin soja da yawa a tarihinmu, tun zamanin da Turawa ke ɗaukar Hausawa aikin ɗan sanda da soja a ƙarni na 19. Hedikwatar sojan Gana ma sunanta Burma Camp.

Ina so in amsa wa Sadik ta wata fuska. An yi amfani da su, gaskiya ne, amma abin ya juyo kan mai amfanin. Sojojin sun dawo an yi musu alkawarin aiki da fansho, ba su ga komai ba, ga tsadar kaya. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano ba makami za su kai takardar koke ga gwamna a fadar Christiansborg. A mararraba wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta kwana da kwanaki, aka kama Nkrumah da manyan 'yan siyasa biyar, aka kafa kwamitin Watson, shi kuma ya ce dole a canza tsarin mulki. A 1951 Nkrumah ya fito daga kurkuku ya kafa gwamnati, ranar 6 ga Maris 1957 Gana ta samu 'yanci. Duk shekara ana zuwa mararrabar nan a ajiye furanni. Mu a nan ba mu shakkar cewa mazan jiya ne suka kunna ashanar.

Malam Habu Zariya:
Malam Abdul, na Gana haka yake. Amma ina jan hankalin ɗalibaina kada su ɗauki labarin Accra su shimfiɗa shi a kan Arewa, don bai hau ba. Waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, da waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, malaman makaranta ne da akawuna da 'yan kasuwa da masu sana'a. Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba wanda ya je Burma. Tsohon soja a Arewa yawanci ya koma gona, ko ya zama ɗan doka, ko masinja, ko mai gadi, ko direba in ya koyi tuƙi. Da yawansu ma En'e ce ta ɗauke su aiki, suka zama hannunta.

Abin da ya karya mulkin mallaka a ganina ya fi ƙarfin mazan jiya. Ingila ta fito daga yaƙi da bashi har wuya. Amurka da Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka zama manya, ba su da sha'awar raya daular wani. Indiya ta tafi a Agustan 1947, ita kanta Burma da aka zubar da jini a kanta ta tafi ranar 4 ga Janairu 1948, ko shekara uku ba a yi ba da gama yaƙin. Kuma Turawa sun ɗaure kansu da bakinsu. A Agustan 1941 Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika mai cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin mulkin da take so. Wata guda bayan haka Churchill ya faɗa wa majalisa cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi. A 1943 Azikiwe ya je Landan cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya miƙa takarda yana neman a cika wannan alkawari a nan. Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo yana cikin tawagar, kuma bai sa hannu ba, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba. Daga nan za ku ga tun lokacin tafiyar Kudu da Arewa ba ɗaya ba ce.

Baba Sajan:
Malam, ilimi naka ne, amma a nan ina da ja. Kana duba wanda ya kafa jam'iyya, ni ina duba abin da ya shiga kunnen talaka. Kafin yaƙi mutumin ƙauye in ya hango Di'o sai ya cire takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa. Mahaifina ya dawo a 1946 ya ga Bature yana kuka don tsoro, ya ga Bature ya mutu da atini kamar kowa, ya ga Bature talaka yana wanke kwano a jirgin ruwa. Ya ratsa Indiya a jirgin ƙasa ya ga rubutu a bango ana cewa Ingilishi su fita. Ya ga irin talaucin Bengal, inda yunwar 1943 ta kashe mutum wajen miliyan 3 a ƙarƙashin tutar da aka ce mana ita ce adalci. Duk wannan a dandali da bakin masallaci ya riƙa ba da labarinsa, shekara da shekaru. Da 'yan NEPU suka zo ƙauyenmu suna cewa hakimi mutum ne, Bature mutum ne, sun tarar an riga an yi musu sharar gona.

Malam Habu Zariya:
Ranka ya daɗe, wannan hujja ce mai nauyi, kuma irinta ba ta shiga rahoton Razdan. Inda na tsaya shi ne, canza tunani daban, jagorantar siyasa daban. Sarakuna ma sun san da wannan canji, shi ya sa aka kula da sojojin ta hannunsu. Sarkin Katsina Usman Nagogo har Indiya da Burma ya je ya gaishe su, don su san daga inda suka fito kuma inda za su koma.

Ummu Hanif:
Ni ƙaramar ɗaliba ce a cikinku, abu ɗaya zan ƙara. Arakan ɗin nan da ake ta ambata ita ce jihar Rakhine ta yau, ƙasar Rohingya. A 1942 da Ingila ta janye, Musulmin yankin galibi suka tsaya da ita, 'yan Buddha na Rakhine galibi suka karkata ga Japan, aka yi mummunan kashe-kashe tsakaninsu. Wannan gaba ba ta mutu ba. A 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, daga garuruwa irin su Buthidaung, wanda runduna ta 82 ta shiga a Disamban 1944. Lokacin da muke yi musu alƙunut a masallatai, kaɗan ne cikinmu suka san kakanninmu sun taka wannan ƙasa.

Sadik Fagge:
Na karanta duka. Maganar Jamus da Japan na bar ta. Amma a kan asalin tambayar Malam ina nan inda nake. In aka ce wa yaro jarumai ne kawai, zai ɗauka yaƙinmu ne. A gaya masa wanda ya ɗebe su, da wanda ya miƙa su, da abin da aka biya su. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Ingila da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa Turawa, har ministan tsaronsu ya nemi gafara a majalisa. Wannan ma a sa a darasin.

Baba Sajan:
A sa, ban hana ba. Na Yaƙi na Biyu dai akwai sunaye. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a ga gawarsu ba, 'yan Afirka ta Yamma na ciki, akwai kuma kaburbura a Chittagong. Hukumar tana da shafi a intanet, ana iya nema da suna ko da lambar soja. Wanda duk yake da tsohuwar takardar sallama ko lambar yabo a gida, ya duba lambar da ke jiki.

Hajiya Larai Bukuru:
Baba, na masu kaki ke nan. Malam Habu, na 'yan kuza fa? Akwai inda mutum zai je ya nemi sunan wanda aka ɗebo daga ƙasar Zazzau a 1942 ko 1943?

Malam Habu Zariya:
Hajiya, wurin farawa shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Filato da na Zazzau suke, sai kuma Gidan Arewa. Sai dai rahoton Bature yawanci adadi yake kawowa, gunduma kaza ta ba da mutum kaza. Sunaye suna bakin tsofaffi. Wanda aka haifa a 1935 yana da shekara bakwai lokacin da aka fara ɗiban, ya isa ya tuna wanda aka fita da shi daga gidansu, kuma yanzu yana wajen shekara 90. Duk mai irin wannan tsoho ko tsohuwa a gida ya zauna da su da wayarsa a wannan makon, ya tambayi sunan wanda aka ɗiba, garinsu, ko damina ce ko rani, da ko ya dawo. Ku turo mini ta akwatin saƙo, zan jera su lardi-lardi. Hajiya, ki fara turo sunan garin da aka ɗauki yayan kakarki, in ga ko gundumar tana cikin fayilolin da na taɓa dubawa.